Rabon gandu a Jiratawa

Ranar sadakar arba'in ta tsohon, an kai la'asar sakaliya ana zagaye-zagaye a zaure ba a taɓo maganar da ta tara mutane ba. An yi addu'a, an raba goro da waina, baƙin da suka zo daga Maraɗi da Tsibiri har sun fara laluben takalmansu, sa'annan limamin unguwa ya gyara zama, ya ce akwai tambaya guda wadda in ba a amsa ta ba, babu mai ikon aza igiya a gonar mamacin. Tambayar kuwa ita ce: bawan Allahn nan, Musulmi ya rasu, ko kuwa bisa al'adar kakanninsa ya tafi?

Zaure ya yi tsit. An dai wanke shi, an yi masa sutura, an sallace shi, domin babban ɗansa Alhaji ne mai shago a babbar kasuwar Maraɗi, kuma ba zai yarda a ce an rufe mahaifinsa kamar yadda ake rufe Anna ba. Amma duk wanda ya daɗe a Jiratawa ya san tsohon bai taɓa barin damana ta faɗi ba sai ya kai jan zakara gindin tsamiyar da ke gabas da gandunsa. Sallar idi yana zuwa, da babbar riga da hula. Sauran salloli kuwa, wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa.

Ƴaƴa uku ya bari, ciki ɗaya. Babban shi ne Alhajin. Na biyu Kirista ne, tsohon ma'aikacin jinya, wanda mutanen gari suke kira ɗan Danja tun yana saurayi. Ta ukun mace ce, bazawara, ita ta riƙe tsohon a shekarunsa na ƙarshe, kuma ba ta ɓoye cewa tana zuwa wasan bori. To, ga inda gizo ke saƙar. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi alƙalai da limaman ƙasar nan suke bi, saɓanin addini yana hana gado, kuma ta fuska biyu yake hanawa. In tsohon Musulmi ya rasu, ɗan Danja ba shi da ko taki guda. In kuwa Anne ya rasu, to Alhajin ne malamansa za su ce bai halatta ya ci gadon ba. A al'adar Anna kuma gandu ba a raba shi, yana zama hannun babban gida, kowa ya yi aiki a ciki ya kuma riƙe gamanarsa, mace kuwa ba ta gadon ƙasa. Ke nan ƙanwar, wadda ta fi kowa sanin abin da tsohon yake yi da asuba, ita ce za ta sami rabin rabon namiji in ta yi shiru, ta tashi a tutar babu in ta faɗi abin da ta gani. Shiru ta yi, kuma da wuya a sami mai adalcin da zai zarge ta.

Ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki zuwa Maraɗi, ya sauka a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, yana iya shekara biyar bai san akwai irin wannan gida ba. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin 100 na ƴan Nijar Musulmi ne, Kirista da masu addinin gargajiya in an haɗa su ba su cika kashi 1 ba. Sai dai ƙidaya abin da mutum ya faɗa wa mai takarda take rubutawa, kuma babu dattijon da zai ce wa yaron gwamnati a rubuta shi Anne alhali jikokinsa suna tsaye suna ji.

Alhali kuwa kwarin gulbin Maraɗi ƙasarsu ce tun kafin a san sunan birnin. Lokacin da sarakunan Katsina suka baro birninsu bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a Maraɗi, Anna ya tarar suna noma, suna su, suna ƙira da farauta, kowace zuri'a da gadonta da abin da take yanka wa. Haka Gobirawa suka tarar lokacin da Mayaƙi ya kafa Tsibiri a 1836. Sarauta ta Musulmi ce, amma ba ta taɓa zama ba tare da masu ƙasa ba: akwai Sarkin Anna, akwai Iya a Maraɗi da Inna a Tsibiri, waɗanda su ne uwayen ƴan bori kuma manya a fada. Bafaranshen nan Guy Nicolas, wanda ya yi bincike a kwarin cikin shekarun 1960, ya rubuta yadda manomi yakan tara damen hatsi dubu ya yi bikin da ake kira dubu, ya rabar da dukiyar, ya fito da sunan sarkin noma. Tsohon da ake magana ya ga irin wannan biki da idonsa yana yaro. Jikokinsa ko sunan ba su sani ba.

Ba takobi ne ya ƙarar da wannan duniya ba. Gyada ce ta fara, da kasuwa, da birni. Bayan ambaliyar 1945 wadda ta ci tsohon Maraɗi aka maido garin bisa tudu, cinikin gyada ya buɗe, kuma duk yaron ƙauye mai wayo ya gane cewa hanyar arziki ta ƙofar wani Alhaji take bi. Haka aka kai babban ɗan tsohon gidan wani attajiri yana ɗan shekara goma sha biyu. Ya yi dako, ya yi awo, ya yi rakiyar kaya zuwa Katsina da Kano, ya koyi alwala tare da lissafi. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin yadda abin yake: babu takarda tsakanin ubangida da baransa, amana ce, kuma amanar nan a sahun salla ake gina ta, a wurin suna da ɗaurin aure ake ƙarfafa ta. Wanda ba ya shiga sahu, wa zai ɗora masa kayan jikka dubu ya ce ya biya bayan kasuwa? Shi ya sa har yau da wuya a nuna babban ɗan kasuwa Bahaushe a Maraɗi wanda Kirista ne ko Anne. Babu dokar da ta hana. Ƙofar ce kawai ba ta wajensu take buɗewa ba.

Hanyar ƙanen dabam ce, kuma cuta ce ta share ta. Mahaifiyarsu ta kamu da kuturta. A wancan zamani kuturu ba ya cin abinci ƙwarya ɗaya da mutane, kuma maganin gida ya ƙare bai yi ba. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM, waɗanda suka shigo Nijar ta Damagaram a farkon shekarun 1920 suka kuma zauna Tsibiri kafin 1930, sun buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan na kutare a Danja a 1956, nan kusa da Jiratawa bisa hanyar Najeriya. Can aka kai ta, aka haɗa ta da ƙaramin ɗanta ya riƙa ɗebo mata ruwa. Shekara huɗu suka yi. Ita ta dawo da sauran yatsunta da addininta na da. Shi ya dawo da karatun boko na Hausa da Littafi Mai Tsarki, fassarar 1932, ya ce ya zama mai bi, wato sunan da Kiristan Hausa na wannan yanki suke kiran kansu da shi. Tsohon bai yi faɗa ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko sabuwar hanyar ta hana noma. Da aka ce ba ta hana ba, ya miƙa masa hauya.

Wannan ba labarin mutum guda ba ne. Yawancin masu bi na farko a Tsibiri da Danja da ƙauyukan gulbi daga cikin waɗanda duniya ta tura gefe suka fito: kutare da iyalansu, marayu, makafi, ƴaƴan Anna marasa galihu. Wanda yake mamakin talaucin majami'un ƙauye sai ya tuna daga inda aka faro.

A nan ne kuma ya kamata a faɗi wata gaskiya wadda su kansu masu bi sukan faɗa in hira ta yi nisa. Turawan mishan ɗin nan ƴan Amurka ne da Kanada da Ingila da makamantansu, Ingilishi suke ji, Hausa suka koya, Faransanci kuwa bai dame su ba. Gwamnatin mulkin mallaka tana yi musu kallon ƴan leƙen asirin Ingila, musamman tsakanin 1940 da 1942, su kuma suna yi wa lakwal ta Faransa kallon wurin da yaro zai koyi son duniya. Burinsu mutum ya iya karanta Littafi da harshensa, ya koma ƙauye ya yi noma ya yi wa'azi. Niyya ce mai tsabta, amma ƙasar da aka ba ƴanci a 1960 da Faransanci take ɗaukar ma'aikata. Ɗan Danja yana karanta Hausa ba gargada, yana ɗaure miki, yana allura, ya san maganin kuturta fiye da matasa da yawa masu difloma, amma ba shi da sartifika, balle birbe. Ya shekara talatin yana aikin jinya da albashin lebura. Makarantar firamare ta mishan a Tsibiri ta zo, amma ta zo a makare ga tsararsa. Baturiya Barbara Cooper, wadda ta fitar da littafi a kan Kiristan Maraɗi a 2006, ta tsaya sosai a kan wannan giɓi. Cikin abubuwan da suka jawo tsamin dangantaka tsakanin mishan da ikilisiyar ƙasa, wato EERN, wadda aka kafa a farkon shekarun ƴancin kai kuma ta dare wajen 1990, har da wannan tsohon ƙorafi.

Katolika ba su yi wannan kuskure ba. Su da Faransanci suka zo, kuma jama'arsu galibi baƙi ne daga Benin da Togo da Burkina Faso, ma'aikata da masu sana'ar hannu. Makarantunsu sun yi suna, har ya zamana yawancin yaran da ke cikinsu ƴaƴan Musulmi ne, ƴaƴan manyan ma'aikata da Alhazai. A 2001 aka ba Maraɗi bishop nata, Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina. Amma Bahaushen ƙauye mai bi ba ya cikin wannan lissafi, kuɗin makarantar ma sun fi ƙarfinsa.

Abin da iyaye suka rasa, shi suka ɗora wa ƴaƴa da ƙarfin tsiya. Ɗan Danja ya sayar da tumaki, ya yi noman rani a fadamar Jiratawa wadda aka gyara a farkon shekarun 1980, ya biya kuɗin ruwa da na lantarkin famfo, ya kai zogale da tattasai kasuwa, duk don kada a fidda yaro ko guda daga lakwal. Babbar ɗiyarsa ungozoma ce a asibitin gwamnati, ƙaninta ya yi lise Ɗan Baskore ya wuce jami'ar Maraɗi wadda aka buɗe a 2010. Mai lura zai ga haka a gidajen masu bi da yawa: ƴan mata suna daɗewa a makaranta, ba a gaggawar aurar da su, ko don mazan da za su aura ba su da yawa. Shi ya sa ake samun su a aikin lafiya da koyarwa da ƙungiyoyin agaji fiye da yadda yawansu zai sa a zata. Daga nan kuma wata jita-jita ta taso, wai Kirista kuɗin Turawa suke ci. Wanda ya faɗi haka bai shiga majami'ar ƙauye ranar Lahadi ya ga abin da ke cikin ƙwaryar baiko ba.

Anna kuwa ko wannan ba su samu ba. Kirista yana da fasto, yana da ƙungiya mai rajista, yana da ƴan'uwa a ƙetare, kuma tun farkon ƴancin kai aka sa Nowel cikin ranakun hutun gwamnati. Anne ba shi da littafi, ba shi da buro, ba shi da mai magana da yawunsa a Yamai. Yaronsa in ya shiga lakwal, ranar farko zai koyi cewa sunan gidansu zagi ne, domin kalmar arne ta daɗe da zama abin jifa a bakin yara. Kafin ya kai aji uku ya sake suna. Tun da wa'azin Izala ya ƙarfafa a Maraɗi cikin shekarun 1980, ko abin da Musulmin da suke kau da kai a kansa, kamar girka da yankan gona, ya koma abin yi da dare. Bayan taron ƙasa na 1991 an yi doguwar muhawara a kan matsayin addini, kundin 1992 ya rubuta rabuwar gwamnati da addini, malamai sun yi magana, fastoci sun yi magana. Babu wanda ya tuna ya tambayi mai tsamiya.

Ranar tashin hankali ce kawai ake haɗa su a ƙwarya ɗaya. A watan Nuwamba na 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin tufafi na FIMA, masu bore a Maraɗi sun auka wa gidajen giya, da harabar mishan, da majami'ar Vie Abondante, da gidan Iya, duk a yini guda. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, ƴan sanda suka ƙidaya 45 a Yamai kaɗai, mutum goma suka rasa rayukansu. A watan Yuni na 2019, bayan an kama wani limami da ya soki dokar tsara ibada, an cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya ta Maraɗi. A duk waɗannan lokuta an sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu, kuma Alhajin nan yana cikinsu: a 2015 da kansa ya tuƙo mota ya kwashi iyalin ƙanensa ya kai su gidansa, suka kwana uku. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma ɗan Danja yakan ce wa ƴaƴansa, ba da ɗaci ba, cewa wanda ake ɓoyewa da wanda yake ɓoyewa ba matsayinsu ɗaya ba a gari.

Akwai kuma maganar itatuwa, wadda ita ta sa rabon ya yi masa ciwo fiye da kima. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma suke sassabewa kowace bazara rayayyu ne, in aka bar musu reshe biyu ko uku aka gyara, itace za su koma. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da wannan aiki a ƙauyukan Maraɗi. Manoma suka sa masa suna sassabin zamani. Da farko dariya aka yi wa masu yi, ana cewa gonarsu ƙazama ce. Daga baya masu bincike suka kiyasta cewa dabarar ta mamaye wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma a 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo a Suwidin. Ɗan Danja yana cikin waɗanda aka yi wa dariyar. Kalgo da sabara da gawon da ke yammacin gandun, shi ya rene su da wuƙarsa, shekara bisa shekara, alhali wansa yana birni. Yanzu ga shi ana cewa inuwarsu ma ba tasa ba ce.

Liman mutum ne mai hankali, kuma ya san gidan. Da ya ga babu mai cewa uffan, sai ya yanke bisa zahiri: an ga mamaci a masallacin idi, an sallace shi, Musulmi ne. Sannan ya ƙara da cewa shari'ar da ta hana gado ba ta hana kyauta ba, kuma da tsohon ya yi wasiyya, da ta zartu har sulusin dukiya ga wanda ba magaji ba. Tsohon bai yi ba, domin a tunaninsa gandu ba abin da ake rabawa ba ne. Sai ido ya koma kan Alhaji.

Alhaji ya daɗe yana jan casbi. Can ya ce, gaban liman da mai gari da dattawa, ya ba ƙanensa yammacin gonar tun daga gawo har bakin hanya, kyauta, har abada. Ƙanwar ma ta ce ta bar masa ɗan abin da ya shiga rabonta ta wannan gefe. Aka shafa fatiha. Ɗan Danja ya sunkuyar da kai ya ce: "Na gode, Yaya. Allah shi saka da alheri."

Bayan kwana biyu ɗiyarsa ungozoma ta zo daga birni, ta ji yadda aka yi, ta ce: "Baba, ina takarda?" Gaskiyarta. Tun 1993 dokar karkara ta tanadi kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira Kofo, daga baya aka kai su har matakin ƙauye, kuma suna ba da shaidar kyauta da ta saye da ta gado, da sa hannun mai gari. Ba ta da tsada. Jiratawa kuwa ba ƙauyen da ba ne, birni yana matsowa, gonar da ake auna ta da damen hatsi yanzu da miliyan ake tambayar ta, kuma shaidun zauren nan babu ɗan ƙasa da shekara sittin a cikinsu.

Ya ɗauki mako uku kafin ya iya zuwa shagon wansa da maganar. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya aje alƙalami, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce: "Takarda, tsakanina da kai? Nono ɗaya muka sha. So kake a ce ban da amana?" Ƙanen ya ce: "A'a, Yaya, ba kai ba. Rai ne ba shi da tabbas." Alhaji ya ce za a duba bayan salla. Salla ta wuce, wata ta zo ta wuce.

A bazarar da ta gabata, ɗan Danja yana cikin gonar yana rage wa wani kalgo rassa, sai ga babban ɗan Alhaji bisa babur, tare da wani mutum mai ƙaramar jaka wanda ba ɗan gari ba ne. Yaron ya sauka ya durƙusa, ya ce: "Baba, ina wuni? Alhaji ya ce a gaishe ka." Ya amsa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Baƙon bai ce komi ba. Ya tsaya bakin hanya ya dubi gawon, sannan ya fara takawa zuwa gabas a hankali, leɓɓansa suna motsi.